Ɗaurin Hula a Bangon 'Yan Dako

Aje tsumman nan. Na ce ka aje shi, har da kwalbar kananzir ɗin. Datti? Wa yac ce maka datti ne? Don an ba ka sakataren ƙungiya shekaranjiya, shi ne za ka zo ka goge muna allo? A'a, kar ka kawo mani zancen Sajan. Sajan ya rubuta cikin littafi, wannan kam gaskiya ne, shi ya iya rubutu. Amma Kande mai tuwo ce ta gano ɓarawon, ko da yake ba son yabonta nike yi ba. Zauna ga bencin can ka ji.

Ran Asabar ce da hantsi, bara waccan, tsakiyar kwasar albasa. An kafa rumfa gaban ofishin Ƙungiyar 'Yan Dakon Albasa, nan kasuwar Bodinga. An zo daga Shagari, an zo daga Sifawa, mutanen Horo Birni mota guda sunka cika. Allon tagulla anka yo ma marigayi Abdulƙadir Dogo, wanda ya ja gaba ga yajin aikin 'yan dako shekara arba'in da sunka wuce. Tun ran Alhamis anka kafe shi ga bango, anka rufe da farin ƙyalle, wai sai ran buki ido zai gani.

Ciyaman ya tashi, riga har tana sharar ƙasa, ya yi jawabi sai da miyar Kande ta huce. Sannan ya kama wutsiyar igiyar da ta riƙe ƙyallen, ya ja. Igiya ta ƙi. Ya ƙara ja, ƙulli ya ƙara tamkewa. Ya sa haƙori. Daga baya dai wani ya miƙo wuƙa anka yanke. Ƙyalle ya faɗi, wani kwalin taliya ya biyo bayansa. Bango fayau, sai ramu huɗu.

Sa'adatu, matar marigayin, da anka zaunar kujerar gaba, ta ja gyale ta rufe fuska. Wuri ya kaure. Kowa ya miƙe yana leƙe, ban da tsofaffin da gwiwa ta hana, da mutum guda wanda gwiwarsa lafiya lau take. Rumfar Kande tana kallon bangon nan ne. Ba bangon ta duba ba, mutane ta duba. Da anka yi can da hayaniya ta tako ta duƙa, ta tsinci guntun igiyar da anka yanke, da ƙullinsa a jiki, ta ƙulle a bakin zane.

Kafin a ce mi, an kamo Jamilu ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe bayan tasha. Ɗan ƙanwar Kande ne, ita ta yaye shi. Anka jawo shi har rigarsa ta yage. Ciyaman ya rantse in magariba ta yi allo bai fito ba, za a ƙone amalankensa, kuma ba shi ba kasuwar Bodinga har abada. Sajan Auwal, ɗan sandan da anka turo tsaron taro, ya raba shi da hannun mutane, ya zaunar da shi cikin ofis, shi kuma ya tsaya bakin ƙofa.

Kande ta shigo da kwanon tuwo, wai ta kawo ma Sajan. Ba wanda ke tare mai kwano.

Sajan yac ce, "Jamilu, kana sayen tagulla?"

"Ina saye, yallaɓai."

"Ka ga allon?"

"Na gan shi ran Alhamis da za a kafe. Kowa ya gani."

"Ka taɓa shi?"

"Na ƙwanƙwasa da yatsa. Sana'ata ce, hannuna ya saba. Amma wallahi Inna, ban ɗauka ba."

Kande ba ta ko dube shi ba. Tana can bakin taga. Tac ce ma Sajan, "Ɗan nan, zo ka ga wani abu."

Kusoshi huɗu masu murɗi, su ma na tagulla, an jera su bisa dakalin taga, kai da kai, kamar an auna da zare.

Ta nuna Jamilu tac ce, "Wanga yaro ko murfin kwalba ya gani ga hanya sai ya duƙa. Ranar sunan ɗiyarsa da kaina na kama shi shina auna ludayina da hannu. Shi ne zai kwance tagulla huɗu ya jera ya tafi? Sannan ya tsaya yankan kwali, ya mai da ƙyalle, ya ɗaure? Wanda ya yi wanga aiki ba shi son abin ya lalace. Ɓarawon ƙarfe da guduma shike zuwa."

Sajan yac ce, "Inna, wannan magana ce, ba shaida ba."

"To ci tuwonka, shaida tana tafe. Mi anka rubuta ga allon ma? Mu ba a karanta muna ba."

Sajan ya zaro takardar buki daga aljihu ya karanta mata. Don tunawa da Abdulƙadir Dogo, wanda shi kaɗai ya tsaya ma 'yan dako kwana tara, har anka daina ɗora masu buhu mai hula.

"Sake faɗin wurin nan."

"Wanda shi kaɗai ya tsaya."

Kande ta taɓe baki. "Shi kaɗai. Tuwon mutum arba'in da biyu na tuƙa safe da yamma kwana tara. Ashe Dogo ne ke cinyewa. Shi ya sa ya yi tsawo."

Sajan ya sa aka kira maigadi. Maigadi yac ce ko kusa ba da dare ba ne, don gindin bangon shike shimfiɗa, kuma ran Jumu'a da safe ya ɗaga ƙyallen da kansa ya ga allo na ƙyalli. Lokaci guda ne kasuwa ke zama ba kowa, lokacin da maza sunka tafi masallaci, mata sunka rufe tukwane sunka yi gida. Kande ta tuna abin da ta gani da ta dawo ranar. Ran Alhamis Ciyaman ne ya ɗaure ƙyallen, ɗaurin zariyar wando, iska na kaɗa shi. Ran Jumu'a da la'asar ƙyalle ya miƙe tas kamar fatar ganga. Ta zaci an gyara ne.

Na biyu da Sajan ya kira shi ne Abdulaziz, shugaban reshen Shagari. Kowa ya san wata uku ya yi shina ƙorafi, wai rabin masu yajin mutanen Shagari ne, don mi allo zai zauna Bodinga.

"Kai kac ce allon nan ba zai kwana ukku ga bango ba?"

"Na faɗi. Fushi ne. Har yanzu ma ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Komi Bodinga, ofis Bodinga, allo Bodinga, mu sai a kira mu tafi."

"Jiya ina ka yi Jumu'a?"

"Shagari, sahu na biyu. Tambayi ladan, takalmina ya taka."

Kande ta ciro wani buhu daga lungu, ta jefa masa da igiya. "Ɗaure mani bakinsa, ɗana."

"Inna, wasa anka zo?"

"Ɗaure dai."

Ya ɗaure, zarge ɗaya, irin na kowa yau. Ta sa anka kira 'yan dako shida daga bakin mota, kowa ya ɗaure, duk haka. Ciyaman ma ya ɗaure, nasa ya kwance tun bai saki ba. Sannan ta kwance bakin zane ta nuna masu guntun igiyar nan. Sunka juya ƙullin, sunka sake juyawa. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

Kande ta ja Sajan gefe. Tac ce, "Kai ba a haife ka ba lokacin. Da can, dillalai in sun cika buhu da albasa, sai su kawo rabin wani buhu su kifa bisa, su ƙara cikawa. Shi ne hula. Buhu da rabi, ga wuyan mutum guda. Hular ba ta zama sai da wani ɗauri, igiya ta zagaya ukku, wutsiya ta koma ciki ta ƙasa, kana ja shina ƙara kamawa. Wuyan mutum ukku ya karye shekara guda. Ranar da na ukkun ya faɗi bakin mota bai tashi ba, shi ne anka aje gammo, anka ce ba mai ƙara ɗauka. Da anka ci nasara, ƙungiya ta kafa doka, duk ɗan dakon da anka ƙara gani ya yi ɗaurin hula, ko ga buhun gawayi ne, an kore shi. Shekara arba'in ba a yi ba, ba a koya ma kowa ba. Wanga da ke hannuna ɗaurin hula ne."

"Su wa sunka rage da sun iya?"

"Cikin arba'in da biyu saura biyu. Abu na Sifawa, shi ko ya makance, sai an ja shi. Da Sulaiman na Shagari."

Sajan ya yi dariya. "Baba Sule? Abokin marigayin? Tsoho ya haura saba'in, Inna. Kuma ga shi can ɗazu cikin taro."

"Sahu na ukku anka aje shi, bayan mai sayar da taki. Ƙyalle ya faɗi, kowa ya miƙe, shi bai ko ɗaga kai ba. Mutum ya taso daga Shagari don ganin allo, a ce babu allo, ya ci gaba da kallon takalminsa? Sannan ya zo rumfata na zuba masa, yac ce in ba shi cokali."

"Cokali laifi ne?"

"Shekara hamsin shina cin tuwona da hannu, shina lashe yatsu har in ji kunya. Yau cokali, kuma babban yatsa naɗe cikin tafi. Tsufa kuwa, wanda ya ɗauki buhu da rabi, allon da bai fi faifai biyu ba ne zai gagare shi?"

Anka duba, Sulaiman ya riga ya shiga mota tun azahar. Sajan ya bar wani abokin aikinsa tsaron Jamilu, sunka tari motar Shagari shi da Kande. Ni anka bar ma tukwane, kamar kullum. Abin da ya faru can kuwa na ji shi bakin Kande ya fi sau ɗari, ko ban tambaya ba.

Direban motar ma ya ba da nasa. Yac ce jiya bayan an sauko Jumu'a ya ɗauki Baba Sule can bayan gari, ba ga tasha ba, da wani abu mai faɗi naɗe cikin buhu bisa kansa, har da gammo. Ya ce a sa a but, tsoho ya ƙi, bisa cinya ya riƙe shi har Shagari.

Sunka iske Sulaiman zaure bisa buzu, hannun dama cikin aljihu. Anka gaisa, anka tambayi iyali, anka tambayi rana. Sajan ya buɗe littafi.

"Baba, jiya ina ka yi Jumu'a?"

"Inda Allah ya nufa."

"Bodinga ko Shagari?"

"Kai limami ne?"

"Ka san inda allon yake?"

"Allon Dogo? Ai shi kaɗai ne. Ku tambaye shi, shi kaɗai ya sani."

Kande ta zauna bakin tabarma tana haki kamar tafiya ta gajishe ta. Tac ce, "Bar shi, ɗan nan, Sule bai san komi ba. Tsufa ya cinye shi. Ni abin da ya dame ni ma wanga ne." Ta jefa guntun igiyar gabansa. "Dubi aikin banza. Wani sakarai ya ƙulle ƙyalle, ƙullin da ba ya kwantuwa, sai da anka sa wuƙa. Wanda ya yi shi bai taɓa riƙe igiya ba."

Sulaiman ya dubi igiyar. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wuƙa sunka sa?"

"To ya za a yi? Ciyaman har da haƙori."

"Jakai! Ba a jan wutsiya! Nan ake dannawa!"

Hannu ya fito daga aljihu. Ya ɗauki ƙullin, ya danna ƙasansa da babban yatsa, igiya ta zube kamar ba a taɓa ɗaure ta ba. Yatsan kuwa shuɗi ne fes, fenti har cikin farce.

Sulaiman ya dubi yatsansa, ya dubi Kande.

"Kande, ke tun kina budurwa muguwa ce."

"Kai ko tun kana saurayi ba ka iya jin an ɓata maka aiki. Tashi ka ɗauko. Ɗana na can an yaga masa riga saboda kai."

Ya shiga ciki ya fito da shi bisa kai. Ya sauke a hankali kamar mai sauke ƙwai. An goge allon da toka da tsamiya har ya fi ran da anka kawo shi ƙyalli. Ba ƙwarzane ko ɗaya. Sai can ƙasan rubutun, tambarin babban yatsa guda da shuɗin fenti.

Sajan yac ce, "Baba, don mi?"

"Ran Alhamis jikan maƙwabcina da ke aiki ofis ya faɗa mani abin da anka rubuta. Na ce ƙarya ne. Na zo Jumu'a, na bari an tafi masallaci, na kwance da bakin wuƙa. Na kai ma wani tsohon malamin boko nan bayanmu ya karanta mani. Sau ukku. Na ce duba baya ko sun sa can. Ba komi." Ya shafa allon. "Ranar da anka aje gammo, takarda anka kawo, anka ce wanda ya yarda ya dangwala yatsa da baƙin man mota. Kowa ya tsaya kallon kowa. Har da Dogo. Ni na fara. Ni na kwana bakin kasuwa da sanda don kar a kawo 'yan dakon wani gari. Shi ya yi aji huɗu, ya iya magana da masu takalmi, shi anka tura ciki. Ya fito anka ɗaga shi sama. Ni ne ma na ɗauke shi ga wuyana! Shina raye ban ce komi ba, abokina ne. Ya mutu na yi masa wanka. Yanzu ya tashi daga kabari ya ƙara hawa wuyana?"

"Niyyarka ka ɓoye shi?"

"Niyyata in mai da shi kafin asuba, su buɗe su ga yatsana. Fenti ya ƙi bushewa. Da ya bushe kuma kunya ta kama ni."

Kande tac ce, "Kunyar ba ta kama ka ba da anka ja Jamilu gabanka. Kana zaune kana cin tuwona da cokali."

Sulaiman ya miƙe. Ya ɗora gammo, ya aza allo, yac ce shi zai kai.

Rana ta yi ja sunka iso. Mutane ba su watse ba, ana jiran magariba da amalanken Jamilu. Sajan ya tsaya ya yi bayani daki daki, kusoshi, Jumu'a, ɗauri, cokali, direba, kamar duk daga kansa ya fito. Kande na gefe tana gyara ɗankwali. Sulaiman ya wuce kowa, ya durƙusa gaban Jamilu, tsoho gaban ɗan cikinsa, ya nemi gafara. Jamilu yac ce ya yafe, amma rigarsa fa. Ciyaman ya ba shi haƙuri da baki ɗaya ɗaya kamar ana cire masa haƙori.

Sajan ya tambayi wa ke ƙara. Ciyaman ya dubi Sa'adatu. Ta sa anka kawo mata allon, ta daɗe tana kallon shuɗin nan.

Tac ce, "Malam ya sha faɗi a gida, in ba don yatsan Sule ba da bai sa nasa ba. A waje ne bai taɓa faɗi ba, shi ma ɗan Adam ne. Ba ni ƙara. Ku kafe shi hakanan, kar wanda ya goge."

Anka fara tafi. Sulaiman ya ɗaga hannu. Yac ce, "Saura doka. Wanda ya yi ɗaurin hula an kore shi."

Ciyaman yac ce, "Haba Baba, ga ƙyalle ne fa."

"Ko ga buhun gawayi ne. Ni na kawo dokar, ba za a karya ta kaina ba." Ya zaro katinsa da ya tsufa har ya yi laushi kamar tsumma, ya aje bisa tebur. Tun ranar bai ƙara taka ofis ɗin nan ba. Ranar kasuwa dai za ka gan shi tsallaken hanya, shina kallon bango.

Ana cikin murɗa kusoshi Kande tac ce a dakata. Ta aika wurin masu fentin mota anka sammata ja a murfin gwangwani. Ciyaman yac ce, "Inna, ke ai ba 'yar ƙungiya ba ce." Tac ce, "Da yunwa kunka yi kwana taran?" Ta dangwala kusa da na Sule, babba, har ya fi nasa girma. Halinta ke nan. Yau in baƙi sun zo sai ta taso daga bakin murhu ta nuna masu, shuɗin na ɓarawo ne, jan nawa ne, ni na kama shi.

Mi kac ce? Wai ka yarda da biyu, amma na ukkun, ɗan ƙaramin nan na lungu, wannan kam datti ne? Matso da idonka. Ka taɓa ganin datti da zanen yatsa? Kande ta tuƙa, ban musa ba. Geron mutum arba'in da biyu, safe da yamma, kwana tara, wa kake zaton ya daka shi, da cikin wata bakwai? Washegari da sassafe na zo da nawa fentin, ban nemi iznin kowa ba. In gogewar kake so, ga "shi kaɗai" can sama, an ce mani layi na biyu ne. Fara da shi, ni in riƙe maka kwalbar.